Gaisuwata Ce Ta Hana Ka Buhun Masara, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Alhassan mai gyaran keke na unguwar Sakasaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka a durƙushe, yadda ka koya mini tun ban fi tsawon tayar keke ba, tare da fatan makwancinka yana da yalwa da haske. Ni ce Azara, 'yarka ta biyu. Na san ba a kai wasiƙa inda kake, amma zan ajiye wannan a inda mutane za su karanta, domin su ma ina so su ji. Ka yi haƙuri, Baba, yau raina a ɓace yake, kuma kana cikin waɗanda nake fushi da su.

Ga abin da ya tayar da maganar. Makon jiya mun je suna a unguwar Tishigu, gidan Sulemana, ɗan Kawu Iddi ƙanen mahaifiyata Mma. Yanzu ya ajiye tumbi, furfura ta fito masa, likita kuma ya tsorata shi da hawan jini. Ana cikin raba goro sai ya shiga koya wa jama'a sabon ilimin da ya samo a waya. Wai mutum in ya manyanta ba ya yin gudu a miƙe, sai ya ɗan ruga, ya koma tafiya, ya sake rugawa. Wai Turawa ne suka gano haka. Kowa yana gyaɗa kai, ni dai ina ɓare gorona.

Sai ya juyo ya nuna ni da baki. Ya ce wa baƙinsa ga wadda ta hana ubanta cin tsere a shekarar yunwa, da gaisuwa kawai ta kashe masa gudu, gidansu ya rasa buhun masara sukutum. Aka kwashe da dariya. Baba, a gaban jikokina! Na ɗauki mayafina na fito, ko tuwon sunan ban taɓa ba.

Shekara da shekaru ina haɗiye maganar nan saboda rantsuwar da ka ɗora mini. To, yau na sauke. In laifi ne ka yafe mini, amma sai na faɗa.

Kai ka fi kowa sanin lokacin, don masu karantawa nake tunawa. Shekarun nan ne da ruwa ya ƙi sauka, wuta ta cinye daji har da gonaki, 'yan'uwanmu da suka tafi neman arziki Najeriya aka koro su suka dawo mana da katifu a ka. Kantuna wayam. Sabulu, sukari, kananzir, sai dai a bayan fage wajen 'yan kalabule masu ɓoye kaya su tsauwala farashi, in ma kana da hanya. Ƙashin wuyan kowa ya fito, babba da yaro. Mma tana tuƙa kokonte, tuwon garin rogo, sau ɗaya a yini, ta tsinka miyar ganye da ruwa har kana iya ganin gindin kwano.

Sana'arka ta mutu a tsaye, domin babu taya, babu robar ciki, babu abin faci. Keke ɗaya ya rage a gidan. Ka cusa masa tsumma a cikin tayoyi maimakon iska, ka ba ni in riƙa ɗebo ruwa da itace. Kai kuma ka ce gonarmu ta ƙauyen Gbalahi da ƙafa za ka riƙa zuwa. Tafiya tana cinye maka safiya, rana ta buɗe kafin ka kama fartanya. Sai ka tuna cewa a samartakarka, lokacin kana soja, kai kake ciyo wa barikinku tseren dogon zango. Shi ke nan ka koma gudu, da furfurarka da komai. Wasu a unguwa suka ce yunwa ce ta fara taɓa maka kai.

Wata safiya ka manta gorar ruwanka, na biyo ka da ita a keke. Na same ka bayan gidajen ƙarshe, zaune a gindin kaɗanya, hannunka dafe da ƙirji, leɓɓanka sun yi fari fat, gumi mai sanyi yana karyo maka. Na yi sallama ba ka amsa ba. Kai da ko akuya ta yi kuka kusa da kai sai ka tanka mata! Na ɗora ka a bayan keken nan mai tsumma, na yi ta turawa har gidan tsohon dispensa mai duba marasa lafiya, abokinka tun zamanin soja.

Ya daɗe yana sauraron ƙirjinka, sannan ya ce zuciyar ta gaji. Ya ce ko ka bar gudu ɗungum, ko ka yi shi bisa ƙa'ida. Ka ruga a hankali, da zarar ka ji magana ta fara yankewa a bakinka, ka koma tafiya. Kada ka tsaya cak, ka yi ta takawa har sai ka iya faɗin magana cikakkiya ba haki, sannan ka sake ɗagawa. Ya ce kada ka jira gajiya ta kama ka kafin ka yi tafiyar, kai ka riga ta. Ya ƙara da abin da har yau yake kunnena: in ka kuskura ka sake yin gudu a miƙe daga gari zuwa gona, wataƙila ba a kan keke za a dawo da kai gida ba.

A hanyar komawa ka sa na rantse. “Azara, kada uwarki ta ji, kada Iddi ya ji, kada kowa ya ji. Babu hatsi a gidan nan, ba zan ƙara musu da cewa maigidan ma ba shi da lafiya ba.” Na rantse. Ina da ƙuruciya, kuma ina shakkarka.

Amma mu faɗi gaskiya tsakaninmu, Baba, ba hatsin ne kaɗai ba. Kunya kake ji a ga tsohon soja, gwanin gudu, yana cikin rugawa ya koma tafiya kamar wanda ya gaza. Shi ya sa ka ƙirƙiro dabararka.

A garin nan ba a wuce mutum a guje in ya gaishe ka. Wanda ya rusuna ya ce maka “dasiba”, wato ina kwanan Dagombawa, dole ka sassauta ka ce “naa”, ku yi ta yi har gaisuwa ta kai ƙarshenta. To, cikin wannan al'adar ka ɓoye tafiyarka. Ka zaɓi wurarenka a kan hanya: rumfar Mma Sanatu mai koko a bakin Tishigu, dakalin Afa Yakubu, malamin nan da yake wuni ƙarƙashin mangwaro da carbinsa, sai matan rijiya, sai Dija, Bafulatanar da take shigowa gari da ƙwaryar nono. Tun daga nesa kake sassautawa, ka iso a tafe, ka buɗe gaisuwa.

Kuma kai, akwai jan gaisuwa! Ka tambayi gida, ka tambayi yara, ka tambayi kasuwa, ka tambayi ciwon ƙafar miji, ka tambayi akuyar da ta haihu shekaranjiya. Dija ta taɓa ce mini babu saniyar da ba ka san lafiyarta ba a garkensu. Kana gaisawa kana takawa, kana sauraron numfashinka. In ka ji “lafiya lau, madalla” ta fito daga bakinka a miƙe, sai ka ɗaga musu hannu ka ci gaba da gudu. Ni kaɗai na san abin da kake aunawa.

Abin ya karɓe ka, ba na musu. Gwiwarka ta daina kumbura. Kana isa gona da sauran ƙarfin da za ka duƙa ka yi aiki, ka dawo da yamma ba sai an gasa maka ƙafa ba. A hankali gudun ya riƙa tsawo, tafiyar tana gajarta, amma ba ka taɓa tsallake wurin tafiya ko ɗaya ba. Gari kuwa ya ɗauka duk ladabi ne. “Malam Alhassan akwai zumunci,” haka ake cewa. “Ba don gaishe-gaishen nan ba, ai ko mota ba za ta kamo shi ba.” Wannan maganar ce ta jawo mana abin da ya biyo baya, kuma ka sha jin ta da kunnenka kana murmushi.

Ana haka aka yi shelar tsere a ranar hutun ƙasa. Za a tashi daga filin ƙwallo, a bi hanyar Gbalahi, a juyo. Akwai rukunin dattawa, kuma wanda ya zo na ɗaya a cikinsu zai koma gida da buhun masara. Buhun masara, a wannan shekarar! Yaran yanzu da suke barin shinkafa a kwano ba za su gane ba. Kawu Iddi ya kai sunanka kafin ma ya shawarce ka, kai kuma ka amsa. Na same ka a rumfarka na tuna maka maganar dispensa. Ka ce, “Hanyata ce, mutanena suna nan. Zan gaisa kamar kullum, kuma da gaisuwar tawa zan ci.” Na yarda, domin a tsaranka babu wanda yake taka hanyar nan kowace safiya kamar kai.

Abin da ba mu sani ba shi ne, da yammacin jajibere Kawu Iddi ya tara samarin unguwa, suka bi hanyar gida-gida da saƙo. Gobe kada wanda ya gaida Malam Alhassan. Kada a rusuna, kada a ce dasiba, kada a ce sannu. In ya zo wucewa a yi masa ihu kawai kada ya tsaya. Afa Yakubu ma sai da suka lallaɓa shi suka shigar da shi zaure, domin shi ba zai iya ganin mutum ya yi shiru ba.

Don ƙauna suka yi, an sha faɗa mini har na gaji da ji. Ƙauna! Duk tsawon hanyar nan, an rasa mutum ɗaya da zai tambayi kansa me ya sa tsoho yake jan gaisuwa haka, yana haki, hannunsa yana komawa ƙirji. Sun ga ladabinka, sun ga buhun masara, kai ne dai ba su gani ba.

Ranar tseren ina tsaye a bakin Tishigu da keke da gorar ruwa. Kuka taho, kana gaban dattawan duka, rigarka ta jiƙe. Na ga ka fara sassautawa kamar kullum, idonka yana neman Mma Sanatu. Tana nan a rumfarta, amma ta toshe baki da gefen mayafi, tana kaɗa maka hannu ka wuce. Jama'a suna ta ihu, “Malam, kada ka tsaya! Kada ka tsaya!” Ka duba dama, ka duba hagu, babu mai rusunawa.

Nan ne fushina na farko da kai yake. Wa ya ɗaure maka ƙafa? Dokar tseren ba ta hana tafiya ba. Da ka ga dama da ka taka a hankali ka bar su da ihunsu. Amma ina! Ka ɗaga kai, ka ƙara wuta, ka wuce.

Na hau keke na ratsa ta lungu. Ka san keken nan, kowane dutse ya taka sai na ji shi a ƙuguna. Na riske ka a dakalin Afa, dakali babu kowa, nan ma ka wuce a guje. Leɓɓanka sun fara farin nan da na sani, kafaɗarka ta hagu ta karkace, bakinka a buɗe. Wani saurayi ya ce mini da fara'arsa, “Kin ga babanki? Yau mun hana gaisuwa, yau sai masara!” Sai a lokacin na gane abin da suka ƙulla.

Na so in kwarma ihu in ce zuciyarsa ba ta da lafiya, ku tare shi. Rantsuwa ta riƙe mini harshe. Ban da haka ma na san halinka sarai: da na tona maka asiri a bainar jama'a, ƙara gudu za ka yi don ka ƙaryata ni. Sai na taka keken nan da duk ƙarfin da yunwa ta bar mini, na wuce gabanka har kusa da rijiya. Na yar da shi a gefen hanya, na shiga tsakiyar titi, na durƙusa har ƙasa, na ɗaga murya na ce, “Baba, kwal lafiya?”

Nan take aka yi caa a kaina. Ka iso. Ka yi mini wani kallo, rabinsa fushi, rabinsa kuma roƙo. Ka sassauta. Ka koma tafiya. Ka buɗe baki za ka amsa, babu abin da ya fito sai iska. Na miƙe na jera da kai ina jero maka gaisuwa: ya gajiya, ya gida, ya Mma, ya gona, ya ƙafa. Ni da muka kwana gida ɗaya, ni da na zuba maka ruwan alwala da asuba! Ban yi shiru ba sai da na ji “lafiya lau, madalla” ta fito a miƙe. Sannan na koma na ɗauki kekena. Cikin wannan tafiyar wani dattijo ya zo ya wuce ka.

Na sake yi a inda kuke haɗuwa da Dija. Na sake yi a wurin juyawa. Da dawowa ma, duk inda ka saba tafiya, sai ka tarar da ni a durƙushe. Gwiwata ta fashe, bakin zanena ya yage. Kawu Iddi ya biyo ni yana kumfar baki da irin Hausarsa, “Yarinyan nan ya haukace! Ku riƙe shi, jama'a!” Wani ya kama keken, na fizge abina. Wata mata ta jefe ni da ƙwallon mangwaro. Kai kuwa kowane karo sai ka taka ka amsa. A na ƙarshe ma, daf da rumfar Mma Sanatu, kai ka riga ni, ka ce ƙasa-ƙasa, “Azara, ya keke?” Da ba don ina kuka ba da na yi dariya.

Ka shiga filin ƙwallo a kan ƙafafunka, launin bakinka ya dawo. Ba kai ne na ɗaya ba, ba kai ne na biyu ba. Masarar ta tafi wani gida a wata unguwa, na ga 'ya'yan mutumin sun ɗauke ta suna guɗa. Ban taɓa yi musu baƙin ciki ba, su ma yunwar ce ta sa tsohonsu gudu.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, kuma ba zan yi wa masu karantawa ba. Kana gaba lokacin da na tare ka. Buhun nan da ya shigo gidanmu, da ya kai mu har sabon hatsi. Bai shigo ba. Muka ci gaba da kokonte da ganye, akwai ma ranakun da tukunyar ba ta hau murhu ba. Na san abin da na jawo. Amma ni ma cikin nan nake da shi, yunwar da kowa ya sha na sha, sannan aka ɗora mini da baki.

Mma ta yi kwanaki ba ta yi mini magana ba, ta ajiye kwanona ba ta ko kalle ni. Unguwa ta laƙaba mini suna Azara Dasiba. In na wuce da keke sai a durƙusa mini a bakin hanya ana shewa. Maganar aurena da aka fara da wani gida a Tishigu ta yi sanyi, wai ba sa son yarinya mai taɓin hankali, wasu kuma suka ce baƙin ciki nake yi da ubana. Kawu Iddi ya mai da ni abin nishaɗin kowane taro har ya koma ga Allah, ga shi yanzu ɗansa ya gada kamar gona.

Kai kuma kana zaune! Wannan shi ne babban fushina, Baba, ya fi na Kawu, ya fi na Sulemana. Su ba su sani ba, kai ka sani. Kalma ɗaya ta isa. Da ka ce ku ƙyale ta, raina ta ceto, da magana ta mutu ran nan. Amma in an ɗauko zancen a gabanka sai ka sunkuyar da kai kana goge sifana, kamar ba da 'yarka ake ba. Ka gwammace a ce 'yarka mahaukaciya ce da a ce zuciyar tsohon soja ta gaji. Haba, Baba! Ni ce na durƙusa a tsakiyar titi, kai me zai rage maka in ka buɗe baki?

Mma ta rasu ba ta sani ba. Mun shirya, ta so ni, ta yi mini komai na uwa, amma har ta tafi, in aka ambaci shekarar yunwa sai ta dube ni ta yi ajiyar zuciya ta kau da kai. Ina zaune a gefen shimfiɗarta a ciwon ajalinta, maganar tana bakina, kana tsaye a bakin ƙofa. Na kalle ka, ka kalli ƙasa. Wannan ban san yadda zan yi in manta da shi ba.

Da na kai nan, na dakata na sha ruwa. Bari kuma in faɗi sauran, domin ba fushi kaɗai ka bar mini ba.

Washegarin tseren ka fita kamar kullum, ni kuma na bi ka daga nesa don hankalina bai kwanta ba. Mutanen hanya suna jin nauyinka, wasu sun ƙi fitowa. Ka iso dakalin Afa babu kowa a kai, na ga ka sassauta, ka koma tafiya, kai kaɗai, ba mai gaishe ka. Tun daga ranar ba ka sake neman mafaka ba. Da mutane ko babu, in lokacin tafiya ya yi sai ka taka. Ba ka ce na gode ba, amma na gani.

Kuma tun daga ranar, duk safiyar da na durƙusa na gaishe ka, sai ka ajiye abin da yake hannunka, ko sifana ce ko kofin koko, ka juyo gaba ɗaya ka amsa mini tiryan-tiryan har ƙarshe. Ba ka yi wa kowa haka a gidan. Yayata har ƙorafi take yi, wai gaisuwar Azara ta fi ta hakimi tsawo.

Ka rayu, Baba. Ka ga ruwa ya dawo, ka ga masara ta cika rumbu har muna ba kaji. Ka ɗaura mini aure da mutumin da ya ji labarin Dasiba ya ce shi bai ga hauka a ciki ba. Ka yi wa 'ya'yana huɗuba a kunne ɗaya bayan ɗaya, ka koya wa babbansu hawa keke, wannan karon mai iska a taya. Kana fita hanyar Gbalahi har gudun ya koma ɗan sassarfa, daga baya ya koma tafiya zalla da sanda.

A kwanciyarka ta ƙarshe na shigo da hantsi na durƙusa na ce, “Baba, kwal lafiya?” Numfashi yana yi maka wuya. Ka daɗe kana tattaro shi, ni kuma na jira, na saba. Can ka ce, “Lafiya lau, Azara. Madalla.” Ka yi ɗan murmushi ka ce, “Kin ji, a miƙe ta fito.” Sannan ka kama hannuna ka ce, “Shekarun nan duka, bayan Allah, ke kika ba ni.” Ka faɗa, na ji, kuma ina riƙe da ita har gobe. Amma ka ga halinka? Sai da ka jira ɗakin ya zama daga ni sai kai.

To, yau na faɗa a madadinka. Sulemana zai karanta, na sani, shi da ba ya rabuwa da waya. Ya ci gaba da gudunsa da tafiyarsa, ina yi masa fatan lafiya, Allah ya sauke masa jinin. Amma ya san cewa abin da yake koya wa mutane a gidan suna, mijin gwaggonsa ya yi shi a kan hanyar Gbalahi tun shi yana yawo ba wando, kuma abin da ubansa ya tara gari aka hana ke nan. Kada in sake jin sunana a bakinsa da dariya.

Yanzu na kai shekarun da kake da su a lokacin. Ni ma an ce in riƙa motsa jiki. Bayan sallar asuba nake ɗaura ɗamara in fita, in ɗan ruga, in yi tafiya, in sake rugawa, bisa ƙa'idar tsohon dispensa. A fili nake yi. Wanda ya tambaye ni me ya sa na daina gudu, sai in ce masa na gaji ne, ina hutar da zuciyata, kuma har yau faɗin haka bai rage ni da komai ba.

Hanyar ta canza, ba za ka gane ta ba. An shimfiɗa kwalta, babura sai wucewa suke yi fuu, babu mai rusuna wa kowa. Inda rumfar Mma Sanatu take yanzu shagon waya ne. An sare mangwaron Afa, an rufe rijiya an yi gini a kai. Amma ƙafata ta san wuraren. In na iso inda rijiyar take, sai in sassauta, in ce a hankali, “Baba, kwal lafiya?” In yi ta takawa ina jira. Ba na sake ɗaga ƙafa sai na ba ka lokacin da za ka amsa a miƙe.

Ya Allah, Ka ji ƙan Alhassan. Ka yafe masa shirunsa, ni na yafe, ko da yake sai da na gama faɗa. Ka hutar da zuciyar da ta gaji. Ka ji ƙan Mma, Ka sanar da ita abin da ba mu sanar da ita ba. Ka ji ƙan Kawu Iddi da duk mutanen hanya da suka rufe baki ran nan don suna son ka ci. In tawa ta zo, Allah ya sa in cika da imani, in tarar da kai ka sassauta a bakin hanya kana jirana. Amin.

Ka huta lafiya, Baba.

'Yarka,
Azara, wadda Sakasaka take kira Dasiba